Shuɗiyar Wutar Baje Harkaman

Tun daga kwanar gonakin tamba Kopila ta hango tuluna jere a barandar gidansu, sai ta tsaya cak da jaka a kafaɗa. Ba haka ta bar su ba. Ranar da ta koma birnin Pokhara bakin aikinta, raksi, wato barasar tamba, wanda ita da Goggo Mansuba suka tatsa, bai cika rabin barandar ba, har kaji na samun wurin kwanciya a gefe. Yau kuwa tuluna ne tun daga bakin ƙofa har jikin turmi, kowanne an ɗaure bakinsa da ganyen ayaba, ana jiran a shafe shi da laka.

Mahaifinta, Tekman, ya rasu da damina. An binne shi a gaggauce cikin ruwan sama. Babbar rakiyar kuwa, arghun, wadda ake tara dangi da ƙauyuka a sallami ruhun mamaci zuwa wurin kakanni, sai baɗi da sanyi, idan yayanta ya samu hutu daga Katar. Shi ya sa ake tatsar raksin tun yanzu, a rufe shi, a binne a ɗakin baya ya shekara a ƙasa. Yau ce ranar gwaji. Baje Harkaman, dattijon da ke gwada raksin garin, zai zo ya duba tulu bayan tulu, wanda ya yarda da shi ya dangwala babban yatsansa a ɗanyar lakar bakinsa. Daga nan babu mai taɓawa. Duk wanda ya fasa lakar kafin ranar arghun ya tare wa mamaci hanya. Ranar kuwa, duk wanda ya tako ƙafarsa zuwa rakiya sai ya sha daga cikin tulunan nan.

Ta sami Goggo Mansuba, yayar mahaifinta, a madafi tana tuƙa tuwon tamba.

"Goggo, tulunan nan haihuwa suka yi?"

"Ke ko gaisuwa babu? Haka ake yi a birni?"

"Ina kwana. Tulunan nan haihuwa suka yi?"

Tsohuwar ba ta ɗago ba. "Baffanki ne ya ƙara ɗora tukunya bayan tafiyarki."

"Da wace tambar? Birai sun cinye ta gonar sama, ƙanƙara ta kwantar da ta ƙasa. Ni na auna abin da muka jiƙa."

"Ai bai sauke da wuri ba. Ya kai ruwa bakwai."

Kopila ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. Ko yarinyar da ke ɗebo itace a ƙauyensu na Tarkang ta san abin da ruwa bakwai ke nufi. Tamba mai tsami a tukunyar ƙasa, tasar tagulla cike da ruwan sanyi a kanta, tururi ya bugi gindin tasar ya ɗiga a ƙaramar tukunya. In ruwan tasar ya ɗumama a zubar a sa sabo. Sau uku ake canzawa a sauke, shi ne ruwa uku, shi ne raksi. Abin da ya zo bayansa salam yake, kamar ruwan ɗauraye kwano.

"Ruwa bakwai, Goggo, ko kaza aka ba ba za ta yi tangaɗi ba."

"To ni me kike so in ce miki? Zauna ki ci tuwo."

Ba ta zauna ba. Ta fita baranda, ta kwance ganyen tulu ɗaya, ta tsoma yatsa ta ɗora a harshe. Sai ta ji kamar an soke ta da allura mai zafi. Ta zuba kaɗan a tafin hannu, ta murza, ta kai hanci. Ƙamshin tamba na nan, can ƙasa-ƙasa, amma a samansa akwai wani wari mai sanyi, irin na sabuwar ƙofa. Ta buɗe na biyu, ta buɗe na can ƙarshe. Duk ɗaya. An haɗe mai kyau da mara kyau, an juye, an raba.

Ta san warin nan. A asibitin ido take aiki, ita ce mai riƙe hannun marar lafiya ta zaunar da shi gaban na'ura. Ta sha riƙe hannun magidanta ƙarfafa da aka kawo bayan biki, suna cewa hazo suke gani, suna tambayar likita yaushe zai washe. Kuma ta sha ganin likitan ya kawar da kai.

Ta zagaya bayan gida zuwa rumfar Baffa Lalkaji. Kafinta ne, ƙanen mahaifinta, shi ke yi wa masaukan baƙi na kan hanyar dutse ƙofofi da tagogi. Yana zaune yana feƙe turakun da za a tokare tuluna da su. A bayansa, ƙarƙashin tarin ɓawon katako, ta ga jarkoki shuɗɗa na sifirit ɗin da yake narka man ƙyalli da shi. Ta sa ƙafa ta taɓa ta farko, ta faɗi fanko. Ta biyu ma haka. Ta ukun ce kawai ta yi motsin ruwa.

"Baffa, ƙofofi nawa ka shafe a 'yan kwanakin nan?"

Ya dube ta, ya dubi jarkokin, ya ci gaba da fiƙa. "Auta, kin iso lafiya?"

"Ka zuba a raksin Baba."

"Ɗan kaɗan, don ya tashi. Ba a kaina aka fara ba."

"Guba ne! A jikin jarkar ma an rubuta, har da hoton ƙwarangwal."

"Guba ne in an sha shi ɗanye. Wa ya ce yau za a sha? Shekara zai yi a ƙasa. Ƙasa tana shanye kaifin."

"Ƙasa tana shanye hayaƙi da ɗaci, Baffa, ba ta shanye wannan. Ko ka binne shi har jikokinka su yi furfura, yadda ka zuba shi haka zai fito."

Ya ajiye wuƙar. Fuskarsa ta yi ja. "Ke kin san abin da ake cewa gidan da tulunsa ya ƙare baƙi na zaune? Har yau ana yi wa gidan ƙetaren rafi dariya, kuma tun ba a haife ki ba abin ya faru. Yayana ne. Shi ya goya ni. Ba zan bari a ce an raka Tekman da busasshen maƙogwaro ba. Ke za ki koma birni, ni zan zauna ana nuna ni da baki."

"Gara a nuna ka da baki da a riƙa jan mutane da sanda."

"To malama likita, Baje na zuwa. In ya ce bai ci ba, ni da hannuna zan zubar. In ya ce ya ci, ki rufe mana baki."

Ya san Baje ba zai gane ba, shi ya ƙara ƙona mata rai. Ta tsaya har ya fita ɗauke da turakunsa, sannan ta ɗauki wata kwalba da ke rataye, ta cika ta daga jarka ta uku, ta toshe da totuwar masara.

Kafin rana ta take, tsakar gida ya cika. Maza sun jeru a kan tabarmi, mata sun tsaya jikin bango da kwandunansu, ana ta raha ana yaba yawan tuluna. "Lalkaji ya fita kunyar yayansa," in ji wani. "A shekarar birai kuma!" in ji wata, ta ƙyafta wa ta kusa da ita ido. Kopila ta ga ƙyaftawar. Sun sani. Rabin mutanen da ke tsakar gidan nan sun san iyakar abin da gonar Tekman ta bayar bana, sun san sana'ar Lalkaji, sun haɗa wannan da wancan tun a gidajensu, sannan suka yafa mayafi suka zo cin tuwo. Haka Tarkang take. In mutum ya faɗi a rami, sai a taru a tattauna halin ƙafarsa, ramin kuwa a ce tun zamanin kakanni yake nan.

Can ƙarshen tabarma Aitaram na zaune, sandarsa a cinya, fuskarsa na fuskantar rana. A da shi ne mai ɗaukar kayan baƙi har wuyan dutse. Ya je wani biki a gangare, ya kwana yana amai, washegari ya tashi duniya ta yi masa fari fat. Aka ce iskar rafi ce ta buge shi don ya ƙetare da tsakar rana. Aka yanka zakara. Aka ci gaba da zuwa biki.

Baje Harkaman ya iso a hankali, da hularsa da tsohuwar rigar soja mai maɓallan ƙarfe. Kowa ya miƙe. Tun Kopila na goye yake gwada raksin garin, kuma a da, an ce, yakan shinshina tulu ya gaya maka a gonar da tambar ta fito. Yanzu taba ta cinye hancin. Tun bara jikanyarsa ke gaya masa in miya ta ƙone. Kowa ya san wannan ma, amma wa zai faɗa?

Aka shimfiɗa masa bargo, aka ajiye farantin tagulla a gabansa. Lalkaji ya ɗebo daga tulun farko a kwalba. Baje ya girgiza, ya ɗaga ta sama yana kallon kumfa na tashi manya-manya suna mutuwa nan da nan. Ya murza kaɗan a hannu, ya kai hanci don al'ada, ya gyaɗa kai. Sannan ya zuba a faranti, ya kare da jikinsa don inuwa, ya ƙyasta ashana. Wuta ta kama, shuɗiya, tana rawa a kan tagulla.

"Ya ci," in ji Baje.

"Ya ci!" jama'a suka amsa.

"Wane launi ne?" in ji Aitaram.

"Shuɗi, kamar wuyan tantabara," aka ce masa. Ya yi murmushi.

Tulu na biyu ya ci. Na uku ya ci. Duk wanda aka gwada sai wutar ta tashi tsaf, Baje yana ta yabo. "Kai, Lalkaji, ashe kana da hannu haka? Bana ko ja-ja babu a bakin harshen wutar. Mansuba, ƙanenki zai ƙwace miki sana'a." Aka yi dariya. Goggo Mansuba na bakin madafi, ta sunkuyar da kai tana murza gefen zanenta.

Da aka gama da tulun ƙarshe, aka jawo kwandon laka, sai Kopila ta matso ta durƙusa, ta miƙa kwalbarta da hannu biyu.

"Baje, saura wannan. A gefe aka ajiye shi."

Lalkaji ya zabura, amma tsohon ya riga ya karɓa. Ya girgiza, ya murza, ya zuba, ya ƙyasta. Wutar da ta tashi ba a ma ganinta sosai, shuɗi ne siriri kamar sararin sama bayan ruwa, sai zafinta da ke sa iska rawa. Baje ya ja da baya, idonsa ya yi haske.

"Kai! Wannan shi ne uban su duka. Rabon da in ga irin wannan tun ina saurayi. Ruwa ɗaya ne ko? Wannan a ajiye wa lama mai jan addu'ar rakiya da manyan baƙi. Wa ya tatsa?"

"Ba wanda ya tatsa," in ji Kopila. Ta miƙe, ta shiga rumfa, ta fito tana jan jarkar, ta dire ta a tsakiyar tabarma har ƙura ta tashi. "Ga tukunyar da ya fito. Sifirit ɗin shafa ƙofa ne, Baje. Shi ka ce a ajiye wa lama. Kuma shi ne a cikin kowane tulu da ka ce ya ci. Wutarka ba ta gane raksi, ƙarfi kawai take ganewa. Ko man fitila ka zuba mata za ta yi maka rawa."

Baje ya dubi farantin, wutar na ci har yanzu. Sannan ya dubi jarkar.

Kopila ta ɗauka yanzu za a juya kan Lalkaji. Ita aka juyo wa.

"Ke! Baje kika yi wa tarko?"

"Tsoho sa'an kakanki, a gaban jama'a!"

"Wannan ita ce tarbiyyar da aka tura ki koyo?"

"Bar su, 'yan boko ke nan. Sun ga kwalba da farar riga, sai su dawo su koya wa uwarsu haihuwa."

"Ku saurare ni," Kopila ta ɗaga murya. "Ƙoƙo ɗaya na wannan ya isa ya kashe wa mutum ido. Ina ganinsu a asibiti. Ku da kanku za ku sha, da surukanku, da..."

"Mun sha wanda ya fi wannan kaifi, ga mu muna ganinki sarai," in ji wani mai gashin baki, ya buɗe idanunsa da yatsu. Aka fashe da dariya.

"Ai ƙasa za ta gyara," in ji wata dattijuwa. "Me ake binnewa don shi?"

"Ku tambayi Aitaram ko ƙasa ta gyara nasa!" in ji Kopila.

"Kar ki sa bawan nan a bakinki. Nasa iskar rafi ce, kowa ya sani."

Baje Harkaman ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Muryarsa ta bushe, kuma bai dubi Kopila ba. "Kwalbar yarinya daban, tuluna daban. Na gwada tuluna, na ce sun ci. Ban taɓa janye maganata ba. Ku kawo laka."

Aka tura masa kwandon. Kopila ta tsaya tana kallon babban yatsan nan mai baƙin taba yana shiga laka. In ya sauka a bakin tulu, magana ta ƙare. Babu ɗan sanda, babu likita, babu takardar gwamnati da za ta sa mutumin Tarkang ya fasa hatimin mamaci. Baɗi za a tono su, a yi kiɗa, a zuba wa kowa, ita kuma ta koma asibiti ta jira su a bakin ƙofa.

"Baje," ta ce, "ka manta ƙoƙon Baba."

Yatsan ya tsaya. Gaskiya ne, an manta, ko kuma an so a manta. Kafin a rufe raksin arghun sai an ɗebo daga kowane tulu a ƙoƙon da mamaci yake sha da shi, ɗansa ko 'yarsa ya yayyafa wa ƙasa, ya sha a madadinsa, don uban ya ɗanɗana abin da za a raka shi da shi. Yawanci 'ya mace takan taɓa leɓe ne kawai ta ajiye, ba a matsa mata.

"A kawo," in ji Baje. "Ta taɓa baki mu gama."

Ita da kanta ta shiga ta ɗauko. Ƙoƙon tagulla ne babba, mai lotsawa a gefe inda ya taɓa faɗuwa daga hannun Tekman. Ta bi tuluna ɗaya bayan ɗaya tana ɗiba, ba ɗigo-ɗigo kamar yadda aka saba ba, ludayi cike. Kafin ta kai ƙarshen baranda ƙoƙon ya cika har yana zuba a yatsunta. Ta dawo tsakiya, ta tsoma yatsa ta yayyafa wa ƙasa.

"Baba bai taɓa barin saura a ƙoƙon nan ba," ta ce. "A madadinsa zan sha, irin shansa zan yi. Baje ya ce ya ci. Kun ce kun sha wanda ya fi shi. To shi ke nan."

"Auta, ɗanye ne, bai kwana a ƙasa ba," in ji Lalkaji. Muryarsa ta canza.

"Raksin ruwa uku ɗanyensa ake sha a gindin tukunya, Baffa, da ɗuminsa. Goggo, ko ƙarya nake?"

Goggo Mansuba ta kawar da kai.

"Taɓa baki kawai ki ajiye!" in ji Lalkaji.

"Ɗan kaɗan ka ce ka zuba. Me zai yi mini?"

Ta ɗaga ƙoƙon da hannu biyu. Ta san abin da ke cikin ƙoƙon fiye da duk wanda ke wurin. Ta dubi ganyen ayaba, ta dubi dutsen da ke bayan gari da farar ƙanƙara a kansa, ta dube shi da kyau. Sannan ta kafa kai. Kurɓar farko ta gangara kamar garwashi. Ta cika baki da ta biyu.

Sai ƙoƙon ya tashi sama. Lalkaji ne ya tsallake tabarma da mutanen da ke kanta, ya buge shi da bayan hannu, tagullar ta bugi dutse tana ƙara, raksi ya fantsama har kan rigar Baje. Ya cafke kafaɗunta yana jijjigawa.

"Tofar! Tofar, 'yar banza! Kin haɗiye? Nawa kika haɗiye? Mansuba, kawo ruwan gishiri! Jarka biyu da rabi ne a ciki, mahaukaciya, so kike ki makance?"

Shi kansa sai da ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya sake ta a hankali. Babu wanda ya yi dariya yanzu. Mai gashin baki yana kallon yatsun ƙafarsa.

Kopila ta tofar da abin da ke bakinta, ta goge leɓe da bayan hannu. "Ni kaɗai ce mai ido a garin nan, Baffa? Waɗannan da za ka zuba wa baɗi, duwatsu ne a fuskarsu?"

"Da ƙasa ta..." ya fara, ya kasa ƙarasawa.

Can ƙarshen tabarma Aitaram ya gyara zama. "Baje," ya ce, kamar mai tambayar labarin kasuwa, "wanda na sha a gangare ma an gwada shi a gabana. Shuɗi ne, kyakkyawa. Shi ne launi na ƙarshe da na gani da kyau. Kuma shekara guda ya yi a ƙasa, mai gidan har alfahari yake."

"Me ya hana ka faɗa tuntuni?" in ji wata.

"Na faɗa. Kuka ce iskar rafi ce, kuka cinye zakarana."

Goggo Mansuba ta fito da ruwan gishiri ta danƙa wa Kopila. Ta wuce baranda, ta tsaya gaban tulun farko, wanda ita da hannunta ta zuba wa ruwa uku mai kyau kafin a lalata shi. Ta sa ƙafa ta tura. Ya gangara kan matakala ya fashe. Ta tura na biyu. Kopila ta je bayan gida ta amayar da abin da ta sha, ta dawo idonta jajir, ta kama daga ɗaya ƙarshen. Warin sabuwar ƙofa ya cika unguwa, kaji suka watse, ruwan ya bi lambatu ya gangara gonar kabewa.

Kuma ko a lokacin, sai da Kopila ta ji wani a bayanta yana cewa, "Kash, asara. Da an bar ko tulu ɗaya a gauraya da mai kyau." Wata kuma tana cewa, "Gaskiyarta ce, amma ai akwai yadda ake gaya wa manya magana." Ta juya da ɓallin tulu a hannu, duk suka yi kamar ba su ba.

Baje Harkaman ya miƙe da kyar. Ya goge lakar yatsansa a jikin bargo, ya ɗauki farantinsa ya juya shi sama da ƙasa, kamar yau ya fara ganinsa. Kopila ta matso. Haushinsa take ji, amma ta tuna shi ne yake ba ta rake tana ƙarama.

"Baje, hannuna da hancin Goggo suna nan. In aka sake tatsa, ka zo ka zauna a gindin tukunya ka ƙirga ruwa da idonka. Wannan gwajin ba ya ƙarya."

Ya sa farantin a hammata. "Ki nemi mai gwada miki a birni," ya ce, ya fita, mutane suka bi bayansa ɗaya-ɗaya, ba wanda ya tsaya cin tuwo. Aitaram kaɗai ya rage, yana laluben kwanon da aka ajiye masa.

Lalkaji na zaune a kan matakala cikin ɓallayen tuluna, ya riƙe kai. "Yanzu da me za mu raka shi? Tambar da ta rage ba ta fi ta tulu biyu ba."

"Da tulu biyu," in ji Kopila.

"Za a yi mana dariya har jikoki."

"Su yi. Za su ga hanyar komawa gida suna dariyar."

Ta ɗauki ƙoƙon mahaifinta daga ƙasa. Ya sami sabuwar lotsawa kusa da tsohuwar. Goggo Mansuba ta riga ta shiga rumbu, ana jin ƙarar kwano tana kwarfar ragowar tamba. Daga ciki ta ɗaga murya.

"Auta, in kin gama huci, zo ki ɗebo ruwa mu jiƙa. Kai kuma Lalkaji, kwashe jarkokin nan daga gidan yayanka. Ranar tatsa kuwa kada in ga ƙafarka kusa da murhu."

Kopila ta ɗauki tulun ruwa ta nufi famfo. A hanya ta wuce mata biyu da suka tsaya da kwandunansu, suna ganinta suka yi shiru. Ba ta sauke kai ba. Ta gaishe su da ƙarfi, kowace da sunanta, har sai da suka amsa.